Firjin da Bai Shiga Ɗaki Ba

Nasiru, ƙanwarka ta gaya min ka kawo masu sayen gwangwan sun leƙa sito ranar da na tafi asibiti. Ta ce har sun ɗaga firjin sun ji nauyinsa. Ban yi maka magana ba, don na san in na fara da baki faɗa za mu yi, kai ka ce in tuna da hawan jini, ni in ce ka fita min daga ɗaki. Shi ya sa na ɗauki waya. Da yatsa ɗaya nake dannawa, in ka ga wani harafi ya ɓace ka cike da kanka. In ka gama ka tura wa ƙannenka, wannan babin na kowa ne.

Na san abin da kuke cewa, wai Mama ta tara shara. Tsofaffin risho, injin taliya mai hannu, injin niƙa nama da ake ɗaurewa a bakin tebur, butar shayi mai fito, tukunyar nan mai murfi da maɗauri da kuke cewa bam ce, ga matattun firji na kananzir sun jeru kamar masu jiran likita. Ba na musu, sun yi yawa. Amma ba wannan ne yake cin raina ba. Abin da yake cin raina shi ne ɗaya maganar, wadda kuka jiyo daga Jibiya ba ku taɓa tambayata ba: wai uwarku ta kai dangin mijinta kotu a kan firji, ta ci shari'a, ta ɗauki ƙarfenta ta bar 'yarta. To ku zauna ku ji yadda aka yi.

Ni 'yar Fagge ce, kun sani. Na gama firamare, ina karanta jarida, ina sa takalmi mai tsini, ina shiga bas ni kaɗai in je Sabon Gari in dawo. Babanka, Nasiru, direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Kano ya kai Jibiya, wani lokaci ya tsallaka har Maraɗi. A layinmu yake ajiye mota, a nan muka ga juna, kuma ni na ce shi nake so, ba wanda ya tura ni. Aurenmu ya faɗo a shekarar da kuɗin mai ya haukata gari, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa da na baya aka ba su a dunƙule. Kowa ya rikice. Maƙwabcinmu ya sayi babur bai iya hawa ba, tura shi yake yi zuwa masallaci. Wani ya sayi fanka gidansa ba wuta. Baba, mahaifina, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, tunda yake bai taɓa riƙe kuɗi irin waɗannan ba, sai ya ce 'yarsa ba za ta tare da irin kayan ɗakin kowa ba. Ina bayan labule ina jin su shi da Iya, mahaifiyata.

"Malam, kwano ake kai wa yarinya," in ji Iya. "Kwano da tasa da fanteka. Ranar da ta shiga matsi ta zare saiti ɗaya ta sayar, ba mai ce mata don me."

"Kwanon da za a jera har rufi ƙura tana hawa? 'Yata ta yi boko. Abin da zai kawo mata kuɗi zan saya mata, ba abin da za ta wuni tana gogewa ba."

"To. Kai ka sani."

Ya je kanti ya sayo firji mai aiki da kananzir, don an gaya masa Jibiya ba wutar lantarki. Ya haɗa da risho mai kai biyu da injin taliya. Abin da ya rage bai kai na kwanuka da yawa ba, Iya ce ta tattaro 'yan nata ta cika min. Ni kuwa murna nake kamar in tashi sama. Fari ne tas, dogo, da hannu mai sheƙi, in ka rufe ƙofarsa sai ka ji tim kamar ta motar manya. A ƙasansa akwai tankin kananzir da lagwani da 'yar kwalba, su ake kira fitilar firji. Ka kunna wuta a ƙasa, ƙanƙara ta fito a sama. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Ranar jere Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta jagoranci mata daga Kano. Gidan su babanka gidan gandu ne, na ƙasa, kowa da ɗakinsa, uwarsu Inna tana tsakiya, babban wansu, wanda kowa ke ce wa Yaya Alhaji, shi ne mai magana. Aka sauke gado ya shiga. Aka sauke kabad ya shiga. Aka zo kan firji, majiya ƙarfi suka ɗauko shi suka wuce zaure, suka ratsa tsakar gida, suka iso ƙofar ɗakina, ya ƙi shiga. Aka juya shi ta gefe, aka karkata, aka cire ƙyauren ɗakin gaba ɗaya, ina. Matan gari sun cika gidan suna kallo, sun riga sun leƙa ɗakin sun ga jeren bai kai rabin bango ba.

"Shi ke nan kayan? Ɗiyar birni da akwatin ƙarhe ta zo."

"Ciki za ta riƙa kwana, shi ya sa ya hi ta tsawo."

Babanka ya aiko daga waje cewa a kira magini ya ɗan faɗaɗa ƙofar, aikin rabin wuni ne. Inna ta ce a'a.

"Ba a hwasa bango ranar da amarya za ta tare. Ga damina kuma. A aje shi zaure, in ruwa ya ɗauke a gani."

Gwaggo ba ta so ba, amma baƙuwa ce, ba ta da ta cewa a gidan surukai. Sai ta yi wani abu da a lokacin kowa ya ɗauka neman magana ne. Ta bi firjin har zaure, ta kori mazan da ke wajen, ta shimfiɗa masa ƙyalle mai ado a ka, ta ɗora kwanuka uku, sannan ta kira wata tsohuwa da ake ce wa Dije mai guɗa, wadda ba a jere a garin sai da ita.

"Baiwar Allah, kin yi wa gado, kin yi wa kabad. Zo ki yi wa wannan."

Dije ta kama hanci ta rangaɗa guɗa a kan firji, mata suna ta dariya har da riƙe ciki. Ruwa ya ɗauke, wata daminar ta zo ta wuce, ba a kira magini ba.

Da farko ban damu ba, don firjin ya yi abin da Baba ya ce. Na koyi halinsa kamar na mutum. Dole ya zauna daidai, in ya karkata ko kaɗan sai ya yi fushi, don haka na sa masa bulo a ƙafafu na gwada da ruwa a faranti. Kullum da safe kafin maza su fito in je in datse lagwani, in goge kwalba, in duba wuta. In shuɗiya ce lafiya, in ta yi ja to hayaƙi ne da asara. Ina haɗa zoɓo da kunun aya in zuba a kwalabe. Da azumi kuwa, tun la'asar kwanuka suke layi a ƙofar gida, matan nan da suka yi min dariya su ne masu aikowa a taimaka musu da ƙanƙara ko 'yar ƙarama ce. A shekarun nan fari ya ci mutanen hayin iyaka, suna ta shigowa da dabbobi ƙashi da fata, mu kuma a nan ɓangaren kuɗi na yawo, motocin hatsi da na mai suna yin layi tun daga shingen kwastan har cikin gari. Direbobi su wuni a rana suna jiran takarda. Labari ya kai musu cewa akwai gidan da ake samun ruwa mai sa haƙori ciwo.

A cikin haka na haifi yayarku. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, kuna ɗaukar jariri a hoto kuna watsawa duniya. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. A Fagge ma ana yi, amma a Jibiya abin ya fi tsanani. Wata rana aka kama ni ina yi mata rawa a cinya ina sumbatar ƙafarta, kafin magariba labari ya zaga unguwa, ɗiyar birni ba ta da kunya. Inna ta kira ni ta yi min faɗa a hankali, na ce na ji. Daga ranar na koyi ɗaure fuska. Da aka yaye ta sai ta koma ɗakin Inna. Tsakar gida ɗaya muke, amma in ta faɗi ta fasa kuka sai in ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba. Aka fara yabona, wai na zama mutum. Har yau bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ku ma shaida ne.

Yaya Alhaji yana da shago a bakin iyaka, hatsi yake saye da sayarwa, da mai a gwangwani. Kullum da yamma a zaure yake zama da abokansa, jingine da firjina, yana ganin abin da ke shiga da abin da ke fita. Ina da tsohon cikinka, Nasiru, wata safiya na fito da almakashin lagwani a hannu, na tarar da bulo huɗu a ƙasa da ƙyallen Gwaggo a ninke a kan dakali, firji babu. Na jira babanka ya dawo daga tafiya.

"Aro ne, Zulai. Yaya ya ce kwana biyu, a gwada lemon kwalba a shago."

"Wa ya tambaya?"

"Ni ya gaya wa."

"Da kwanukana ne, zai aiko a kwashe?"

"Haba. Wane namiji ne zai taɓa kwanon mace? Ai sai ya bar garin."

"To wannan fa?"

Ya kalli ƙasa. Sannan ya ce, "Wannan ai inji ne."

Ba mugu ba ne babanka, kar ka ɗauka haka. Mutum ne mai taushi, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma a gaban wansa ba shi da baki. Kuma abin da ya faɗa shi ne abin da kowa a garin ya yarda da shi: kwano na mace ne, inji na namiji. Ranar na gane abin da Iya take nufi. Baba ya saya min abin da ya fi kwano daraja, amma kwano yana da mai gadi, shi firji ba shi da.

Kana rarrafe zafi ya shigo da sanƙarau. Babanka ya dawo daga Maraɗi yana cewa wuyansa ya riƙe, kafin a yi wani abu Allah ya karɓi abinsa. Ba zan tsaya a nan ba, na riga na ba ku wannan a baya. Na yi takaba a ɗakin nan mai ƙaramar ƙofa. Da na fita aka zauna rabon gado. Babu wani abu mai yawa, motar ma ba tasa ba ce. Malamin da ke rabon ya tambaya ko akwai abin da matar mamaci take cewa nata ne. Na aika daga bayan ƙyaure na ce firji. Na ji muryar Yaya Alhaji, a natse, ba faɗa.

"Abin da ke ɗakinta nata ne, ba mai taɓa mata ko cokali. Abin da ke zaure na gida ne. Firji bai taɓa kwana ɗakinta ba, kowa ya sani."

Ku duba halin da nake ciki. Zan koma Kano da yara biyu. Baba ya yi ritaya, kuɗin nan na dunƙule sun daɗe da narkewa, kaya sun yi tsada, Iya ba lafiya. Kwanukan da zan sayar ba su kai su riƙe mu wata biyu ba. Sana'a ɗaya na iya da hannuna, kuma tana cikin wancan ƙarfen. Ba ado nake nema ba, abincin bakinku nake nema, kai da yayarka. Da na ce zan je gaban alƙali, Inna ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Zulai, bar shi. Ƙarhe ne."

"Inna, da me zan ciyar da su?"

"Ni dai na ce ki bar shi."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba wanda ya ce min zaɓi tsakanin wannan da wancan. Da an faɗa min haka da baki, wallahi da na tafi da zanen jikina.

Gwaggo ta zo daga Kano da direban da ya kawo kayan jere. Alƙali ya saurari kowa. Yaya Alhaji ya sa babbar riga, abokansa sun cika benci. Maganarsa ɗaya ce, ba ya canzawa: abin bai shiga ɗaki ba. Direba ya ce shi dai tare da gado da kabad ya ɗauko shi. Gwaggo ta ce a kira Dije. Tsohuwa ta shigo da sandarta, alƙali ya tambaye ta abin da ta sani.

"Allah shi gafarta malam, tun ina budurwa nike guɗa garin ga. Na yi wa gado, na yi wa tasa, na yi wa amarya. Ban taɓa yi wa kayan namiji ba. Wanga ƙarhe na yi mashi guɗa da bakina, da ƙyalle bisa kainai. In na Alhaji ne, to Alhaji na yi wa jere."

Kotu ta tuntsure da dariya, har ɗan sandan ƙofa. Alƙali ya rufe baki da hannun riga. Ya yanke hukunci firji nawa ne, a dawo min da shi. Na fito ina jin iska, Gwaggo tana cewa ai ta san ranar nan za ta zo. Ban kula da fuskar Yaya Alhaji ba. Ashe kafin ya isa shago sunan ya riga shi, 'yan tasha suna ce masa Alhaji amarya, direbobi suna yi masa guɗa in ya wuce. An ce har ya mutu sunan bai sake shi ba. Firjin bai yi masa ciwo ba kamar dariyar nan.

Washegari na fara ɗaure kaya. Wajen azahar na lura ban ji muryar yayarku ba tun safe. Ba ni da ikon tambaya kai tsaye, sai na yi ta zagaye, in leƙa madafa, in leƙa bayan rumbu. Matan gidan suna zaune a inuwa suna tsintar wake, kowacce ta sunkuyar da kai. Inna ce ta yi magana, ba ta kalle ni ba.

"Gwaggonta ta Maraɗi ta zo da sassahe ta tahi da ita. Ta daɗe tana roƙo, ba ta da ɗiya. Alhaji ya ba ta."

Duk suka ɗago suna kallona, suna jira. Sun san abin da ake so uwa ta ce a nan: Allah ya raya, ai taku ce. In na faɗa, na yi kunya, na zama 'yar mutunci, na rasa ta. In na ƙi, na tabbatar da abin da suke faɗa tun ranar jere.

Wannan ne wajen da ba a gaya muku ba. Na goya ka, Nasiru, na fita ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Na je bakin iyaka na roƙi wani direba abokin babanka ya sa ni a gaban mota. Muka wuce shingenmu, muka wuce na jandarmomi, muka shiga Maraɗi da la'asar. Na nemi gidan har na samu. Aka karɓe ni da fara'a, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura. Na hango ta a ƙofar ɗaki, an yi mata sabon kitso, an sa mata awarwaro, tana cin ƙuli. Ta kalle ni, ba ta taho ba. Me zai sa ta taho? Ni ce matar da in ta faɗi ba ta waiwayowa.

"Lahiya dai, Zulai? Wa kika zo gani?" in ji gwaggon tata.

"Na zo ɗaukar 'yata."

Matan da ke wajen suka kama baki. Wata ta ce tunda take ba ta taɓa jin uwa ta faɗi haka a kan ɗiyar fari ba. Mijin gidan ya fito ya tsaya daga nesa, ya yi magana da ladabi. Ya ce ɗiya ta dangin uba ce, wan uba ya ba da, kuma alƙalin Jibiya hukuncinsa a shinge yake tsayawa. Ya ce in na gaji in kwana, da safe a sa ni a mota. Ban kwana ba.

A Kano na ɗauka zan samu masu tsaya min. Iya ta ce in rufa musu asiri, kar a ce ba su yi min tarbiyya ba, 'yar fari ai dama ba tawa ba ce. Gwaggo, wadda ta tsaya a gaban alƙali ba ta ji tsoron kowa ba, ta ce wannan kam ba ta da bakin magana. Baba kuwa ga abin da ya ce min.

"Firji yana da shaida, Zulai. Wannan wa zai tsaya miki?"

Na koma Maraɗi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Wani zuwan a ce ta tafi lakwal, wato makarantarsu, wani zuwan a ce tana ƙauye. Ranar da na same ta kuwa sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa ta koma ciki. An riga an gaya mata labarin yadda ake so.

Shi kuwa firjin, Yaya Alhaji ya bi umarnin alƙali. Ya aiko da shi har Fagge a bayan motar shanu, a kwance, ba fitila. Aka ce ta ɓace a hanya. Daga nan tarin da kuke gani ya fara. Na shiga Sabon Gari, na shiga Ƙofar Ruwa, ina neman fitilar da za ta yi daidai da shi. Masu kaya ba sa sayar da fitila ita kaɗai, sai ka sayi mataccen firjin gaba ɗaya. In saya, in kawo gida, in gwada, ba ta zauna ba. Kafin nan injin taliya ne ya riƙe mu, na koyi aiki da shi, in murza in shanya a igiya in sayar, da shi ka yi makaranta. Ina cikin yawon nan idona ya saba da tsofaffin kaya. In ga risho irin nawa a cikin tarin ƙarafa, a lanƙwashe, sai in tsaya in ce wannan ma wata aka saya wa, wani uba ya ɗauko shi da murna a shekarun nan da muka ɗauka kuɗi ba za su ƙare ba. Sai in kasa barinsa. Har bayan na auri baban ƙannenka, ya gina min sito don kar in cika masa falo, ban daina ba.

Na samu fitilar daga baya, kana sakandare lokacin. Ta zauna cif. Na daidaita shi a kan bulo, na zuba kananzir, na kunna, wuta ta tashi shuɗiya kamar ta ranar farko. Na wuni ina buɗewa ina sa hannu. Ba sanyi. Aka ce in kifa shi ya kwana a kife, haka ake yi musu in sun daɗe a kwance, na yi. Ba sanyi. Na kira wani tsohon mai gyara, ya zagaya baya, ya goge bututun da tsumma, ya kira ni ya ɗora yatsana a wajen.

"Hajiya, kin ji? Ƙusa ce. Wannan ba tsatsa ba ce, hannu ne. Abin da ke sa shi sanyi ya daɗe da fita, kuma ba a mayarwa."

Shekarun nan duk ina neman fitila, ashe tun a Jibiya aka kashe shi.

Yayarku ta zo bikinka, Nasiru, ka tuna, da 'ya'yanta manya, suna Hausarsu ta can. Kun ga mun gaisa, kun ga mun yi hoto. Abin da ba ku gani ba shi ne da ta same ni ni kaɗai a madafa. Hajiya take ce min, har yau, firji kuma firigo take ce masa, irin na can.

"Hajiya, an ce kin ci shari'a lokacin nan. Firigon na nan?"

"Yana nan."

"To madalla. Gara da ba ki yi asara duka ba."

Ta ɗauki tiren da ta zo ɗauka ta fita. Ba da faɗa ta yi maganar ba, har da murmushi. Na buɗe baki in ce na bi ki har Maraɗi da goyo a bayana, sai na ga ban ma san da wane suna zan tsayar da ita ba. Takan kira ni a waya ranar Sallah, minti biyu, ya jiki, ya yara, sai an jima.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara nake nema ba. Sauran kayan siton, ranar da ba ni, ku kira masu gwangwan su auna, ku yi sadaka da kuɗin. Amma farin nan na lungu, mai bulo a ƙafa, ba na awo ba ne. Ku goge shi, ku ɗora shi a mota a tsaye, kar ku kwantar da shi. Ku bi ta Jibiya ku tsallaka. Ku tafi da wayar nan, ku ba ta ta karanta da kanta, in ta ƙi ku karanta mata. Za ta ce ba ya aiki, ku ce mun sani. Ba a zaure za ku ajiye shi ba, ba a tsakar gida ba. Ku tafi da magini. In ƙofar ta yi kaɗan a fasa bangon, ko damina ce. In ya shiga ku nemo mace mai murya ta yi masa guɗa, duk wanda ya tambaya na waye, ku ce na Binta ne, uwarta ta aiko.